Zazzaɓin Kwamfutar Dogo

Mai Labule ake ce mata a layinsu, kuma sunan ya bi ta har yaran unguwa ba su san tana da wani ba. Labule take ɗinkawa, da rigunan kujeru, da zannuwan gado. Ta koyi sana'ar ne a shagon wata tsohuwa mai faɗan tsiya, wadda kan farke ɗinkin yini guda don layi ɗaya ya karkace. A wurin tsohuwar ta ɗauko hannu, a wurinta kuma ta ɗauko wata aƙida da ba ta taɓa saki ba: duk abin da aka bari tsirara lalacewa zai yi. Shi ya sa in ka shiga gidanta sai ka rantse kayan ɗakin sanyi suke ji. Talabijin da rigarsa, firiji da hularsa, fanka in an kashe ta sai a zura mata buhu mai tazuge, rimot ma an yi masa ɗan aljihu. Marigayi mijinta ya sha cewa tsoron gyangyaɗi yake a kujera, kada ya farka ya tarar an ɗinke shi da zif.

Da keken ɗinkinta ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwarsa. Da shi ta aurar da Auta, da shi ta ga babban ɗanta ya zama mutum. Dogo ake kiransa, direban tirela, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. In ya dawo daga tafiya, tun daga bakin layi ake jin muryarsa yana tsokanar mai shago. Sai ranar da birki ya ƙwace masa a wata gangara. An ciro shi da rai, an gode wa Allah, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ya sake motsi.

Watannin da suka biyo baya Mai Labule ba ta son tuna su. Dogo ya dawo gida ya fuskanci bango. Abokai su zo, ya rufe ido kamar mai barci. Yarinyar da yake nema ta zo, ya ce a gaya mata ta daina wahalar da kanta, ita ma ba ta yi gardama ba. Abinci sai an yi da gaske. Wata rana da yamma uwar tana shafa masa mai a baya, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Umma, da sun bar ni a cikin motar nan ai da kowa ya huta."

Ta ƙarasa shafa man ta rufe kwalbar. Amma kafin rana ta faɗi ta kwashe magungunansa ta kulle a akwatinta, ta ɗauke reza daga banɗaki, ta roƙi mai shago suka kinkimo keken ɗinkinta daga falo suka dasa shi a ɗakin Dogo, gindin taga. Ta ce masa hasken ɗakinsa ya fi, idonta ya fara rauni. Ƙarya ce tsagwaronta, falon nan ya fi ko'ina haske a gidan. Daga ranar a nan take yanka, a nan take ɗinki, a nan take cusa soso a matasai, almakashinta ɗaure da igiya a ƙugunta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan bayan ɗanta, wanka ma a gurguje take yi ta bar ƙofa a buɗe rabi.

Direbobin tasharsu ne suka kawo kwamfutar. Sun haɗa kai da mijin Auta, suka shigo da kwalaye niƙi-niƙi: wani baƙin akwati mai gilashi a gefe da fitilu ja da shuɗi suna zagaye a ciki, da allo mai faɗi, da sitiyari da ake ɗaurewa a bakin tebur, an mayar masa da birki da totur a hannu. Mai Labule ta dube su ta ce a ranta, mutum na fama da kansa an kawo masa kayan wasan yara. Ta dai yi musu godiya, tunda ba a mayar da hannun kyauta baya.

Abin ya daɗe a kan tebur yana ƙyalli shi kaɗai. Sai wata safiya ta ɗago kai daga keke ta ga Dogo ya ja jiki ya hau kujerarsa mai taya, ya matsa gaban allon. Titi ne a shimfiɗe, da gaban tirela, da madubi hagu da dama. Ya riƙe sitiyarin da yatsa biyu kamar mai ƙyanƙyami. Can ya ce, "Wanda ya yi wannan abin bai taɓa juya tirela da baya ba." Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai yi magana mai tsawon wannan ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da taka keke, allurar kuwa ba zare a jikinta.

Ashe akwai irinsa da yawa. Wasu direbobi ne da suka ajiye aiki, wasu ba su taɓa riƙe sitiyarin gaske ba. Suna haɗuwa ta intanet, kowa ya ɗauki kaya, su jera ayari daga wannan gari na ƙarya zuwa wancan, suna hira ta abin kunne. Ba a jima ba Dogo ya zama na gaba, shi ke faɗin inda za a rage gudu da inda za a tsaya. Muryar nan ta bakin layi ta dawo. "Baban Tagwaye, ja baya mana! In na taka birki ai cikin kayana za ka kwana!" Ya koma cin abinci har da neman ƙari, ya koma gyaran fuska. Mai Labule ba ta fahimci komai a wasan ba, amma ta san duk wani farin cikin da ya rage a gidan yana cikin baƙin akwatin nan.

To, abin da ya dawo mata da ɗa ai ba za ta bar shi tsirara ba. Ta zaɓi karammiski mai kauri, ragowar labulen wani otal, ta yi shafi biyu da siririn soso a tsakani. Ta fitar da taga daidai gilashin don fitilu su riƙa fitowa, ta huda wurin maɓalli da wurin wayoyi, ta bi baki da zare ruwan zinare. Gaba da sama da baya kuwa, inda ƙananan ramuka suke, ta rufe su ruf, don a ganinta ta nan datti zai shiga. Dogo ya ce ta yi kyau. Kada a ga laifinsa. Wanda ya tashi a gidan da ake yi wa rimot aljihu, idonsa ba ya ganin riga a jikin kaya.

Ciwon ya fara ne da ƙara. Akwatin da a da sai ka kasa kunne kake jin numfashinsa ya koma gurnani, har yana danne ƙarar keken ɗinki. Sai hoton ya fara tsayawa yana fizga. Rannan Dogo na hawan tudu da kaya, ayari na biye da shi, allon ya yi ɗif. Fitilu suka mutu, ɗakin ya yi tsit. Mai Labule ta ga hannunsa a kan sitiyari bai saki ba, ta ga wuyansa ya sandare. Ta gane ba wannan tudun yake gani ba.

"Wuta aka ɗauke?" ta tambaya, alhali ƙwan ɗakin na ci.

"A'a." Ya miƙa hannu ya taɓa saman akwatin, ya janye da sauri. "Inji ne ya ɗau zafi."

Ita ma ta taɓa. Zafin ya ratso karammiski da soso ya iso tafin hannunta, irin wanda take ji a goshin yara lokacin da suke ƙanana. Ba ta san wata hanya ba sai wadda ta sani. Ta jiƙa tawul ta matse ta nufo akwatin, Dogo ya daka mata tsawar da ta ji daɗinta har cikin rai, don mai tsawa bai gaji da duniya ba.

"Umma! Ruwa da lantarki? So kike ki haɗa mu duka?"

"To kai in motarka ta yi zafi ba ruwa kake ba ta ba?"

"Wannan ba ta da lagireto."

Suka bar ta ta huce, suka kunna. Ta yi aiki ɗan lokaci ta sake mutuwa. Mai Labule ta cire wa fanka buhunta ta saita ta a kan akwatin, iska na kaɗa gezar rigar, ba abin da ya canza. Ta buɗe taga, ta buɗe ƙofa, ta tsaya da kanta tana fifita da kwali har kafaɗarta ta riƙe. Kullum tsawon lokacin da kwamfutar ke ɗauka kafin ta mutu raguwa yake yi. Ayari ya gaji da jira a gefen titi, wani ya karɓi gaba.

Baban Tagwaye ne ya bugo waya. Dogo ya sa shi a lasifika, murya ce ta dattijo mai yawan tari. Ya sa Dogo ya buɗe wani wuri da ke nuna zafin injin, lambar ta fito ja jawur, tana hawa suna kallo. Ya tambaya ko fankokin ciki na juyawa, Dogo ya leƙa ta gilashi ya ce wasu na yi, na baya ba ya ganin sa da kyau. Ya ce to a ɗauko masa hoton akwatin ya gani. Aka tura. Sai dariya ta fashe a wayar, dariya da tari a haɗe har Mai Labule ta zaci mutumin zai shiɗe.

"Dogo, wane mai ƙaunar ne ya lulluɓe ta da bargo? Ta ina za ta sha iska, don Allah? Ko jariri aka yi wa haka ai sai ya suma!"

Dogo ya saci kallon uwarsa. Ita ta riga ta durƙusa tana zuge zif. Kunya ta kama ta, haushi ya kama ta, amma daɗi ya fi su yawa, don in rigar ce ai an gama. Ta ninke ta ta tura ƙasan kayan ɗinki tana cewa garin gyaran gira ta kusa rasa ido. Dogo ya yi dariya, ya kunna, ya ɗauki kaya, ya kamo ayari. Ta koma kan keke tana satar kallon agogo ba tare da ta san me take lissafawa ba. An yi nisa wannan karon, har ta fara sakin jiki. Sai gurnanin ya dawo, hoto ya fizga, allo ya yi baƙi.

Bai yi tsaki ba, bai zagi kowa ba. Da ya yi ma da sauƙi. Ya zare abin kunne ya ajiye a hankali, ya juya kujera, ya ja jiki ya koma gado.

"A sake gwadawa mana in ta huce," ta ce.

"Bar ta kawai, Umma. Komai yana da ranarsa."

Ya juya ya fuskanci bango. Washegari bai taɓa abinci ba. Waya ta yi ta ƙara a kan tebur, bai ɗauka ba. Mai Labule na zaune a kan keke da labulen wata mata da ta yi alkawarin ba ta, ta ɗinka ta farke, ta ɗinka ta farke. Tsoro ne ya cika ta, ba wani abu ba. Ta san wannan bayan, ta san yadda kafaɗar ke lanƙwashewa, ta kuma san maganar da ke zuwa bayan irin wannan shirun. Hannunta na komawa kan igiyar almakashi tana taɓawa ko yana nan.

Ta kira Auta ta ce ta zo ta zauna da yayanta, kuma kada ta kuskura ta bar ɗakin ko da kiran miji ne. Ita kuwa ta yafa mayafi ta nufi rukunin shagunan da ake gyaran wayoyi da kwamfutoci. Lungu ne mai cunkoso, kowane shago da kiɗansa, ƙamshin dalma na tashi. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata wani mai tabarau a ƙuryar bene, yana zaune tsakanin gawarwakin injuna. Ya saurare ta rabi da rabi, idonsa a kan aikinsa.

"Mama, ki sa a kawo ta nan. Ba na zuwa gida."

"Ba za ta fito daga ɗakin nan ba," ta ce. "In ya juyo ya ga teburin babu komai, ban san abin da zan tarar ba."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ba ta yi niyyar gaya wa baƙo sirrin gidanta ba, amma bakin ya riga ya buɗe, ta faɗa masa na motar, da na bangon, ta tsallake maganar nan guda ɗaya. Mai Tabarau ya share hannu da tsumma, ya fara zuba kaya a jaka yana mita cewa mutane sun mayar da shi likitan tafi-da-gidanka.

Da suka iso, ya yi sallama ya ce, "Sannu, Direba. An ce motarka ta kwanta a hanya." Dogo ya amsa ciki-ciki. Mai gyara bai damu ba. Ya kashe soket, ya zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da akwatin a kan tebur, ya kwance notuna ya ɗage gilashin. Daga nan ya ɓalle murfin gaba. Ya tsaya.

"Ikon Allah," ya ce. "Na ga ƙura a rayuwata, amma ban taɓa ganin kwamfuta ta saƙa wa kanta darduma ba."

Ya kama gefen abin da yatsa ya ɗago, ya taso gaba ɗaya, kauri kamar tafin hannu, falle bisa falle. Ba ƙura ba ce irin ta ko'ina, toka-toka. Launi gare ta. Mai Labule ta matso ta duba. Ga kore, na labulen asibitin nan mai zaman kansa. Ga ja mai duhu, na kujerun matar mai kemis. Ga fari-fari, burbushin soson matasai. Duk aikin da ta yi a gindin tagar nan yana nan a jere, kamar yadda ta yi shi. Kowane yankan almakashi na tashin gashin yadi, fankokin kuma na zuƙewa, yini bayan yini.

"Rigar da aka ce an sa mata ta ƙara wa abin tsanani," in ji Mai Tabarau, "amma wannan shi ne ciwon. Ko tsirara take, da wannan a hancinta ba ta shan iska."

Dogo ya juyo. Son ganin cikin inji ya fi ƙarfin direba, ko da yana fushi da duniya. Ya ja jiki ya hau kujera ya matso. Mai gyara ya nuna masa wani dunƙulen ƙarfe mai siraran haƙarƙari a tsakiyar akwatin, duk sun toshe.

"To ai ga lagireton nan," in ji Dogo. "Na ce wa Umma babu."

"Akwai, sai dai iska yake sha ba ruwa ba. Riƙe min fankar nan da yatsa kada ta juya, in na hura ta da ƙarfi tana iya lalacewa."

Aka fitar da akwatin bakin ƙofa, aka bi shi da burushi da injin hura iska, gashin yadi na tashi launi-launi, Auta na atishawa. Fankar baya kuwa ko da yatsa ba ta juyawa. Mai gyara ya haska tocila ya ce zare ne ya nannaɗe a wuyanta, kuma hantsakinsa ba ya shiga. Mai Labule ta ciro allura daga bakin mayafinta ta durƙusa. Zare baƙi ne, nata ne, ta san shi. Ta yi ta tsinko shi a hankali har ya fito da tsawonsa, fankar ta juya da ɗan taɓi.

Sannan ya kwance dunƙulen ƙarfen. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan faranti mai sheƙi, wanda ya ce shi ne ƙwaƙwalwar injin, kuma daga nan zafin ke fitowa. Man da ake shafawa tsakanin su biyun don zafi ya wuce ya bushe ƙamas, yana ɓarewa kamar tsohon fenti. Ya goge shi tas, ya ɗiga sabo ɗan mitsitsi a tsakiya. Mai Labule ta ce ya ƙara mana, ai bai isa ba. Ya ce, "Mama, wannan ba man shafawa ba ne, in ya yi yawa ma matsala ne." Ya mayar da ƙarfen ya ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, Dogo na gyaɗa kai yana cewa haka ake ɗaure taya.

Aka ɗora akwatin a kan tebur, nesa da bango. Aka kunna. Mai gyara ya ce a ba ta aiki mai nauyi a gani, Dogo ya ɗauki kaya mafi nauyi ya nufi tudun nan da ta saba mutuwa. Lambar ta hau, ta hau, Mai Labule na addu'a a ciki, sai lambar ta tsaya a wuri ɗaya ta ƙi gaba. Ba ta yi ja ba. Tirela ta haye tudu ta gangara. Iska mai ɗumi na fita ta baya a hankali, ba gurnani.

Mai Tabarau na haɗa jakarsa ya yi nuni da keken ɗinki da haɓa.

"Sai dai fa gaskiya ɗaya ce. Ko keken nan ya bar ɗakin, ko kwamfutar. In ana yanka yadi a nan, kafin ku ankara ta sake saƙa wata dardumar, kuma ba kullum ake sa'a ba. Wata rana in ta mutu ba za ta tashi ba."

"Zan riƙa sharewa," ta ce da sauri. "Safe da yamma. Zan riƙa yayyafa ruwa. Zan yi labule a tsakani."

"Labule kuma, Mama?" Ya yi dariya. "Abin da ke yawo a iska ba ya jin tsintsiya."

Auta ta raka shi ta wuce gidanta. Ɗakin ya rage su biyu. Mai Labule ta zauna a kan kujerar keke ta rasa abin yi da hannunta. In ta zauna, za ta kashe abin da ke riƙe da shi. In ta fita, ba mai ganin bayansa. Ta fara lissafin ko ta bar ɗinkin gaba ɗaya, ta zo ta zauna haka nan hannu biyu, sai ta tuna da me za su ci. Ta fara tunanin ko a mayar da kwamfutar falo, sai ta tuna kujerarsa ba ta wuce dokin ƙofar sai an ɗaga.

Dogo ya tsayar da motarsa ta cikin allo a gefen titi. Bai juyo ba.

"Umma, hasken falo ya fi na nan."

"Idona ne ya san wanda ya fi."

"Na san abin da kike gadi." Ya faɗa a hankali. "Na sani tun ranar da kika shigo da keken. Na ga magungunana sun koma akwatinki, na ga almakashi a ƙugunki. Ban ce komai ba ne don a lokacin kina da gaskiya."

Duk tsawon watannin nan ta ɗauka ita kaɗai ke ɗauke da abin.

"Jiya ma ka fuskanci bango," ta ce. "Ka ƙi abinci. Me kake so in ɗauka?"

"Raina ne ya ɓaci. Zai kuma sake ɓaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Wata rana injin nan zai mutu gaba ɗaya, in yi kwana biyu ba na son ganin kowa." Sai yanzu ya juyo da kujerar ya dube ta. "Amma waccan maganar na bar ta. In ta dawo min, wallahi ke zan fara kira. Ki yarda da ni, Umma. Ba zan iya warkewa kina ƙirga numfashina ba."

Ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba tun a asibiti, ya bar ta ta yi. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi ta ce masa shi dai bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ko da komai ya mutu. Ya ce ai gadonta ya yi.

Da safe mai shago ya zo suka kinkimi keken suka mayar falo. Ta share ɗakin, ta goge tebur da ɗanyen tsumma, ta tsince zare ɗaya-ɗaya daga ƙasan gado. Ta ƙirƙiri aiki iri-iri don kada ta fita, har aikin ya ƙare. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da mariƙi.

"A rufe, ko a bari?"

"Rufe, saboda gashin yadin."

Ta ja ƙofar har ta ji ta kama. A falo ta zauna, ta zura zare, ta saita bakin labule a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan mataki, amma ba ta taka ba. Kunnenta na kan ƙofar. Ta ji motsin taya, ta ji shiru, shirun ya yi mata tsawo har ta fara miƙewa. Sai muryarsa ta ratso katako, ƙasa-ƙasa, yana gaya wa wani ya duba madubinsa. Ta san in ta taka keken nan ƙararsa za ta danne muryar, ba za ta ji komai daga ɗakin ba, ko magana ko shiru. Ta yi bisimilla ta taka, kuma ba ta ɗaga ƙafa ba sai da ta kai ƙarshen labulen.